Ƙanwata tana kan maganin arsenik, an ce mu kula da zuciyarta

Sani Tela, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo, kwana uku ke nan ban runtsa da kyau ba. Ƙanwata Rabi, shekararta 26, abin ya fara mata da jini a dasashi in ta yi asuwaki, sai tabo baƙi-baƙi a hannu da ƙafa kamar wadda aka daka. Muka ɗauka ƙarancin jini ne, muka yi ta sayen maganin ƙarin jini. Ranar da haɓo ya ƙi tsayawa tun la'asar har bayan isha'i muka kwashe ta sai asibiti. An ɗebi ɓargo a ƙugunta, sakamako ya fito, aka ce sankarar jini ce, irin wadda ake kira APL. Likita ya ce mana a cikin sankarar jini ita ce mai saurin kisa in an yi jinkiri, kuma ita ce mai jin magani in an kama ta da wuri.

An ɗora ta a kan magani biyu. Ɗaya ƙwaya ce, ATRA. Ɗayan kuma kullum ake sa shi a ƙarin ruwa, sunansa arsenik. Dangi na Accra da na waje suka turo ta momo, muka haɗa aka yi odarsa. Yau kwana 9 da farawa. To jiya Kawu ya zo dubiya, ya karanta kwalbar, ya ce wa Mma ai wannan gubar ɓera ce. Tun daga nan Mma ba ta ci abinci ba. Ni ma da na karanta takardar cikin kwalin na ga an yi gargaɗi a kan zuciya, kuma ina ganin sau biyu a mako suna manna mata wayoyi a ƙirji suna ciro wata takarda mai zane. Tambayata: me za mu ba ta ta ci ko ta sha wanda zai tsare mata zuciya? Masu sani ku taimaka don Allah.

Hajiya Asabe, Sawaba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rabin Mma Azumi? Allah ya tashi kafaɗunta, ya sa kaffara ne. Sani ka ce wa Mma gobe ina tafe.

Alhaji Ɗanladi, Obuasi:
Sani ɗana, ni zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Shekarata sama da 20 ina aikin gwal a garin nan. Dutsen da ake haƙowa a nan arsenik ne manne da gwal ɗin, kuma zamanin da ake gasa shi, da idona na ga yadda hayaƙin ya ƙone ganyen itatuwa a kan tuddai. Akwai rafukan da aka hana mu sha. Wannan abin ne za a ɗura wa yarinya a jijiya? Ni ban yarda ba. Ku nemi wani likita ya canza mata magani tun dare bai yi ba.

Bashir Famasi, Asawase:
Baba Alhaji, abin da kuka gani a Obuasi gaskiya ne, ba mai musa muku. Kuma ba zan ɓoye ba, sinadarin ɗaya ne. Bambancin yana wajen awo da kuma wanda ke riƙe da awon. Wanda ke shan ruwan rafi mai arsenik yana shansa shekara da shekaru, ba wanda ya auna masa, ba wanda ke duba jininsa. Rabi kuwa ana ba ta miligiram 0.15 a kan kowane kilo na nauyinta. In kilo 60 take, miligiram 9 ke nan a rana, a hankali cikin awa ɗaya zuwa biyu, na wani ƙayyadadden lokaci.

Kuma ba jiya aka fara ba. Tun 1786 wani likitan Ingila, Thomas Fowler, ya haɗa ruwan magani da arsenik, aka daɗe ana amfani da shi kafin a watsar. A shekarun 1970 likitoci a birnin Harbin na ƙasar Sin, cikinsu har da Zhang Tingdong, suka lura yana aiki a kan irin wannan sankarar musamman. Amurka ta amince da shi a 2000. A 2013 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji na Italiya da Jamus, wanda Francesco Lo-Coco ya jagoranta: waɗanda aka haɗa wa ATRA da arsenik, kashi 97 cikin 100 suna nan lafiya bayan shekara biyu ba tare da cutar ta dawo ba, waɗanda aka ba ATRA da kemo, wato maganin sankara da aka saba bayarwa, kuma kashi 86.

Yadda yake aiki: a wannan cutar, guntun ƙwayar gado ta 15 da ta 17 ne suke musanyar wuri, sai a samu wani gurɓataccen furotin da ke hana fararen ƙwayoyin jini girma. Su tsaya a ƙuruciya, su cika ɓargo, su rikita daskarewar jini, shi ya sa take ta zubar jini. Arsenik yana kama furotin nan ne jiki ya rushe shi.

Sannan Baba, in an ce a canza, me za a koma? Kemo irin su idarubisin, wanda shi kansa yana raunana tsokar zuciya, kuma tasa illar tana iya zama ta dindindin.

Alhaji Ɗanladi, Obuasi:
Na ji, Bashir. Amma kai ma ka yarda yana taɓa zuciya.

Bashir Famasi, Asawase:
Na yarda ƙwarai, Baba. Anti Hauwa ta fi ni sanin wannan ɓangaren, ita ke tsaye a kan marasa lafiya.

Hauwa Nas, Tafo:
Sani, sannu da jinya. Bari in yi maka bayanin wayoyin nan da ake manna mata. Ka taɓa tsayawa kallon masu dakan fufu? Ɗaya na sauke taɓarya, ɗaya na juya curin da hannu. Tsakanin bugu da bugu akwai ɗan lokacin da mai juyi ke sa hannu ta janye. Muddin lokacin nan daidai yake, sai su yini suna daka ba abin da ya faru. In mai juyi ta fara nawa, hannunta na cikin turmi taɓarya ta sauko, ka san sauran.

Zuciya ma haka take. Wutar lantarki ce ke sa ta bugawa, kuma bayan kowane bugu sai ta koma ta shirya kafin na gaba. Tsawon wannan lokacin shi muke kira QT a takardar ECG, wato takardar nan mai zane da ka ga ana cirowa. Arsenik yana tsoma baki a ƙofofin da fotasiyam ke bi a ƙwayoyin zuciya, sai shirin ya riƙa ɗaukar lokaci. In ya yi tsawo da yawa, wani bugu zai iya faɗowa zuciya ba ta gama shiri ba, sai bugun ya harɗe. Mutum ya ji jiri, ko ya suma, wani ma ba ya tashi. Ba kowa yake kai wa nan ba, kaɗan ne ƙwarai, amma saboda su ake gwada kowa.

Lambar da muke tsoro ita ce 500. In QT ya haura 500 ana dakatar da magani, a gyara abin da ya jawo, in ya sauko a ci gaba. Abu biyu a jini suke riƙe da shi: fotasiyam, ana so ya wuce 4, da magnisiyam, ana so ya wuce 1.8 a awon miligiram. Mata kuma tun asali nasu QT ɗin ya ɗan fi na maza tsawo, don haka Rabi tana cikin waɗanda ake ƙara sa wa ido.

Ka samu littafi ɗan ƙarami. Duk ranar da aka yi ECG ka tambayi nas QT nawa ne yau, fotasiyam nawa, ka rubuta da kwanan wata. Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne.

Hajiya Mai Waakye, Alabar:
To in fotash ne jikinta ke so ai abu mai sauƙi ne. A jiƙa mata kanwa tana kurɓa safe da yamma. Ai kanwa ita ce fotash.

Bashir Famasi, Asawase:
Hajiya don Allah kar a yi! Sunan ne ya ruɗe mu duka. A kasuwa ana ce wa kanwa fotash, amma abin da ya cika ta sodiyam ne, dangin gishiri, fotasiyam ɗin cikinta bai taka kara ya karya ba. Kuma ku da kanku kun san in kanwa ta yi yawa tana sakin ciki. Zawo kuwa yana cikin manyan hanyoyin da fotasiyam ke zubewa daga jiki. Wato wurin gyaran gira a rasa ido.

Hajiya Mai Waakye, Alabar:
Ikon Allah. Shekara 30 ina sa kanwa a tukunya ban san haka ba. Na janye maganata.

Faruk, ɗalibi a KNUST:
Yaya Sani, na yi bincike a intanet tun ɗazu. Akwai rubuce-rubucen masana da yawa da suka nuna sinadarin resberatirol, wanda ake samu a fatar inabi, yana kare zuciya daga illar arsenik. Akwai na man kifi ma. Ana sayar da ƙwayoyinsu a manyan famasi na Adum. Me zai hana a saya mata? Ko bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba.

Bashir Famasi, Asawase:
Faruk ƙanena, koma ka duba a jikin wa aka yi gwajin. Za ka ga ɓeraye ne, ko ƙwayoyin zuciya da aka raina a kwanon gwaji. Aiki ne mai kyau, kuma wata rana watakila ya haifar da magani. Amma daga ɓera zuwa mace mai sankarar jini tafiya ce mai nisa. Maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Wa ya ce ba zai cutar ba? Rabi jininta ba ya daskarewa yadda ya kamata, kuma man kifi da resberatirol duka an san suna rage ƙarfin ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Ga hanta kuma, ATRA da arsenik sun riga sun ɗora mata kaya, shi ya sa ake gwada ta a kai a kai.

Faruk, ɗalibi a KNUST:
Amma Yaya Bashir, shi kansa arsenik ɗin ai daga maganin gargajiya na Sin aka samo shi. In da mutanen Harbin sun ce sai an gama gwaji, da ba a kai nan ba.

Bashir Famasi, Asawase:
Gaskiya ne daga can ya fito. Amma me suka yi da shi? Sun ware sinadarin da ke aiki, sun auna, sun bi marasa lafiya suna rubutawa shekara da shekaru, sannan wasu ƙasashe suka sake gwadawa. Kuma likitoci ne suka yi, a kan masu cutar da a lokacin ba su da wata mafita. Rabi tana da mafita, tana kanta ma yanzu haka. Ba a kanta za mu yi gwajin da ba mai lura da shi ba.

Hajiya Asabe, Sawaba:
Ni dai ina jin ku. Kullum in an zo maganar asibiti sai a mai da namu na gida kamar shi ne guba, alhali ga guba nan a kwalba an saya da tsada. Zogale fa? Habbatus sauda da zuma fa? Da su iyayenmu suka rayu. Ni na riga na dafa mata haɗin wankin ciki, don duk wannan maganin da ake ɗura mata sai an wanke dattinsa.

Hauwa Nas, Tafo:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kowa ya san don ƙauna kuka yi. Ba raina na gida nake ba, ni ma da miyar zogale na girma. In ganye ne a miya ko zuma a koko, a tambayi likitanta, galibi ba zai hana ba in an dafa da tsabta. Amma haɗin wankin cikin nan, ina roƙonku da girman Allah kar ya shiga ɗakin. Akasarinsu da filasko ake yi, kuma aikin filasko shi ne ya sa zawo. Kwana ɗaya tana zawo fotasiyam zai faɗi, QT ya miƙe. Ga shi garkuwar jikinta a ƙasa take, jiƙon da ya kwana zai iya sa mata cutar da lafiyayye ba zai ko ji ba.

Ku kawo mata abinci, Hajiya. Ayaba, ruwan kwakwa da aka fasa a gabanku, miyar kontomire, wake, dankali. Duka suna da fotasiyam. Su ma a sanar da nas, domin in ƙoda ta samu matsala, fotasiyam mai yawa shi ma yana tsayar da zuciya. Shi ya sa ba a sayen ƙwayarsa a kemis a sha da ka.

Hajiya Asabe, Sawaba:
To. Ba don na gamsu duka ba, amma ba zan so a ce ta hannuna wani abu ya faru ba. Zan yi mata tuwo da miyar kontomire.

Maman Yasir, Nima:
Tun ɗazu nake karantawa ina hawaye, don mun bi hanyar nan. Malam Sani, ni abin da zan faɗa maka ba wanda ya taɓo shi, kuma shi ya kusa raba ni da maigidana.

Shi ma APL ce. An gama zagayen farko lafiya, aka sallame mu, ya koma yana zuwa ana sa masa ruwan Litinin zuwa Juma'a, mako huɗu a yi, mako huɗu a huta. Wata Asabar zazzaɓi ya rufe shi. Muka ce maleriya ce, wa zai shiga trotro zuwa asibiti a kan maleriya? Na aiki yaro wani kemis a unguwa, aka haɗo masa maganin maleriya da sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ƙara da na amai. Mai kemis bai tambayi ko yana kan wani magani ba, ni ma ban ce a faɗa ba. Ranar Lahadi da dare ya tashi zai yi alwala, sai ji na yi tim. Na same shi a ƙasa idonsa a kafe. Kafin mu samu mota ya farfaɗo, yana cewa ƙirjinsa kamar ana kaɗa ganga. A asibiti aka ce QT ɗinsa ya wuce 500 da nisa. Aka tsayar da komai, aka yi ta sa masa magnisiyam da fotasiyam ta jijiya, kwana huɗu yana manne da na'ura.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, ta zaunar da ni ne ta ce, Maman Yasir, arsenik shi kaɗai mun iya da shi, abin da ake ƙara masa a gida ba mu sani ba shi ne yake kayar mana da mutane. Yau shekara uku da gama maganinsa, yana kasuwa yana harkarsa. Amma har yanzu in na tuna ƙarar faɗuwar nan sai gabana ya yanke.

Bashir Famasi, Asawase:
Maman Yasir, Allah ya biya ki, wannan ya fi duk dogon bayanina. Sani rubuta waɗannan a bangon littafin da Anti Hauwa ta ce. Magungunan maleriya da yawa suna ja wa QT tsawo: kwinin, kulorokwin, amodiyakwin, da masu lumefantirin ko fiferakwin a ciki, wato kusan duk abin da za a miƙo maka a kemis. Haka sifro da danginsa, azitromaisin da eritromaisin, fulkonazol da mata ke sha don ƙaiƙayi, da ondansetiron na amai. Lasix kuma, maganin rage kumburi, yana zubar da fotasiyam da magnisiyam ta fitsari. Ba wai an haramta mata su har abada ba ne, kuma ba a ce a bar maleriya ba magani ba. Likitan da ya san tana kan arsenik shi zai gwada jini, ya zaɓa, ya ƙara yawan ECG. Kuma zazzaɓi a jikin mai sankarar jini ba a kwana da shi a gida, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Hauwa Nas, Tafo:
Ƙari a kan zazzaɓi. A makonnin farko akwai wani abu da ATRA da arsenik ke jawowa idan ƙwayoyin nan suka fara girma gaba ɗaya: zazzaɓi, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa, nauyi ya ƙaru cikin kwana biyu, wani lokaci ruwa ya taru a huhu ko a jakar zuciya. Yana da magani, deksametason, amma sai an yi maza. Mai kwana da ita ya san wannan. Sannan Sani, ka sa Mma ko wata babbar mace ta yi mata maganar ciki da shayarwa, magungunan nan biyu suna illa ga ɗan tayi.

Malam Idi, Yalwa:
Allah ya ba ta lafiya. Sani, na ji an ce ta so ta riƙa azumin Litinin da Alhamis don neman sauƙi. Ka gaya mata ni na ce ta ajiye. Wanda farilla ma aka ɗauke masa saboda ciwo, balle nafila. Ta yawaita addu'a da salati tana kwance, mu kuma za mu sa ta a addu'a bayan sallar asuba. Ku gaya wa Mma Azumi neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Sani Tela, Aboabo:
Jama'a na dawo bayan sama da mako guda, ku gafarce ni da shiru. Abin da kuka faɗa ya faru, amma Allah ya taƙaita. Ranar Talata Rabi ta yini tana amai, ta kasa riƙe ko ruwa. Da yamma ta ce mini Yaya, gabana yana faɗuwa, ina ganin duhu-duhu. Da a da ne sai in ce yunwa ce, ta daure. Na tuna Maman Yasir, na fita da gudu na kira nas. Aka yi ECG nan take, QT 512. A littafina na ranar Juma'a 468 ne. Fotasiyam ya sauka zuwa 3.2. Likita ya dakatar da arsenik, ya canza maganin aman da ake ba ta, aka sa mata fotasiyam da magnisiyam a ruwa. Ya ce mini kuma in zuciya na gudu saboda zazzaɓi ko rashin ruwa, na'ura takan ƙara lambar, don haka shi da kansa ya sake aunawa da hannu a kan takardar. Bayan kwana uku ya sauko 452, jiya aka ci gaba da magani, an ɗan rage awon tukuna.

Mma ta fara cin abinci. Na karanta mata saƙon Maman Yasir sau biyu, ta ce in tambaya ko za ta yarda su yi waya. Hajiya Asabe, tuwon ya iso, Rabi ta ci loma biyar, shi ne abu na farko da ya zauna mata.

Yanzu abin da ya rage jini ne. An ce ƙwayoyin da ke tsayar mata da jini har yanzu suna ƙasa, ana bukatar masu bayarwa, ko wane rukuni ne za a karɓa a musanya.

Maman Yasir, Nima:
Alhamdu lillahi. Ka ba Mma lambata, in ta idar da magariba ta kira.

Faruk, ɗalibi a KNUST:
Yaya Sani ni da abokaina uku za mu zo ranar Asabar. Ƙarfe nawa ake fara ɗiba?

Alhaji Ɗanladi, Obuasi:
Sani, har yanzu in na ji sunan abin nan sai na tuna tuddan garin nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na ga ana auna ta, kuma da abu ya taso an tsaya. Ka ci gaba da rubutun nan kar ka gaji. Ɗana Mustafa yana Kejetia, na ce ya zo ya ba da jini, kuma na tura maka ɗan abin da ya sawwaƙa, ka duba wayarka.

Sani Tela, Aboabo:
Na gani Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Faruk, ƙarfe 8 na safe suke buɗewa. Ku karya kumallo kafin ku taho, kuma kowa ya riƙo katin shaidarsa. In kun iso bakin ƙofa ku kira ni in sauko.